Yadda Ake Zaga Siri Lanka a Mako Biyu Ba Tare da Hutun Ya Ƙare a Cikin Mota Ba

Duk wanda ya buɗe taswira ya hango Siri Lanka a ƙasan Indiya, 'yar mitsitsiya kamar mangwaron da ya tsinke daga reshe, zai ce mako ɗaya ya ishe shi ya gama da ita. Daga arewa zuwa kudu ba ta kai kilomita 450 ba, faɗinta kuma kusan rabin haka ne. To a nan taswira take yi wa mutane wayo. In ka cire 'yan manyan hanyoyin da ake biyan kuɗi a kansu, sauran titunan sirara ne, ga bas-bas, ga kekuna masu ƙafa uku da suke kira tuk-tuk, ga karnuka kwance a kan kwalta ba su da niyyar tashi, a cikin tsaunuka kuma kwana na bin kwana. Direban da yake son ransa da naka da wuya ya ci fiye da kilomita 40 a awa ɗaya. Wanda ya cusa garuruwa goma sha biyu a kwana goma zai koma gida da waya cike da hotuna, amma abin da zai fi tunawa shi ne ƙeyar direba.

Shirin da zan shimfiɗa a nan na kwana 14 ne, ginshiƙinsa kuma ɗaya ne: masauki kaɗan, kwanaki da yawa a kowanne.

Kafin tikiti, tambayi ruwan sama

Tsibirin yana da damina biyu, kowacce da ɓangaren da take jiƙawa. Ta farko, wadda suke kira Yala, tana zuwa daga kudu maso yamma tsakanin Mayu da Satumba, ta sauka a kan Kolombo, Galle da tsaunukan tsakiya. Ta biyu, Maha, tana shigowa daga arewa maso gabas a ƙarshen shekara har zuwa wajen Fabrairu. Saboda haka in hutunka ya faɗo tsakanin Disamba da Maris, kudu da yamma ne naka, kuma hanyar da ke ƙasa ta dace da kai yadda take. In ya faɗo tsakanin Mayu da Satumba, rabin farko na tafiyar bai canja ba, sai dai a ƙarshe ka karkata gabas, wajen Trincomalee ko Arugam Bay, inda teku take kwance lafiya a lokacin. Oktoba da Nuwamba ruwa ba ya zaɓen gari, ko'ina yana iya sauka.

Ka kuma duba kalanda saboda abu biyu. Ranakun 13 da 14 ga Afrilu sabuwar shekarar Sinhala da Tamil ce, manyan ƙabilun ƙasar biyu, shaguna a rufe, motoci a cike. Sannan kowace ranar da farin wata ya cika a sama, da ake kira Poya, hutu ce a faɗin ƙasar: bankuna ba sa buɗewa, ba a sayar da nama ko giya, wuraren ibada kuma suna cika da masu fararen kaya.

Takardu da kuɗi

Yawancin baƙi suna neman izinin shiga ta intanet, wanda ake kira ETA, na kwana 30. Ka cike a shafin gwamnatin ƙasar kawai, don akwai shafukan 'yan tsakiya da suke kwaikwayon nasu su ninka kuɗin. Amma ba kowane fasfo ne aka yarje wa wannan hanyar ba. Akwai ƙasashe, ciki har da wasu na Afirka ta Yamma, da dole sai 'yan ƙasarsu sun nemi biza tun kafin tafiya ta hannun ofishin jakadanci. Wannan ne abin da za ka fara tabbatarwa kafin ka biya kuɗin jirgi. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida, wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara kuma ya riƙe katin rigakafinsa a aljihu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2016 cewa ƙasar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Kada wannan ya sa ka bar man sauro a gida, don zazzaɓin dengi yana nan, kuma sauronsa da rana yake cizo.

Kuɗinsu rupi ne. Ka canja kaɗan a filin jirgin Bandaranaike, ka ajiye rasit, ka sayi layin waya na Dialog ko Mobitel a nan take, sannan ka sauke manhajar PickMe, wadda za ta raba ka da cinikin tuk-tuk a manyan garuruwa. Na'urar cirar kuɗi takan ba da takardar 5,000, wadda mai sayar da kwakwa a bakin hanya ba shi da canjinta, don haka duk inda ka samu dama ka farfasa ta zuwa 'yan ɗari-ɗari. Lambar 'yan sanda 119, ta motar asibiti 1990.

Da me za ka yi yawo

A ganina abin da ya fi shi ne gauraye: mota da direba a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewa, jirgin ƙasa a tsaunuka, tuk-tuk a cikin gari. In za ka ɗauki direba, a yi magana a gama tun farko. Shin kuɗin ya haɗa da mai, da kuɗin hanya, da makwancin direban da abincinsa? Kilomita nawa aka yarda a rana? Sannan ka faɗa masa cikin raha, tun ranar farko, cewa ba ka son tsayawa a lambun kayan yaji ko shagon duwatsu masu daraja sai in kai ka nema. A hanyar Matale akwai irin waɗannan lambuna jere, shiga kyauta, shayi kyauta, amma kwalbar man da za a tallata maka a ƙarshe tana ɗauke da la'adar wanda ya kawo ka.

Bas-bas suna da araha sosai kuma babu ƙauyen da ba sa shiga. Sai dai direbobinsu suna tuƙi kamar an biyo su.

Kwana 1 zuwa 4: ƙasar sarakuna da tafkuna

Filin jirgin ba a cikin Kolombo yake ba, ya fi kusa da Negombo. Ka kwana can ka huce gajiya, washegari ka kama hanyar arewa, tafiyar kimanin awa huɗu, ka sauka a Sigiriya ko Habarana. Kwana uku za ka yi a ɗaki ɗaya, kullum ka fita ka dawo.

Safiyar farko ta Sigiriya ce. Dutse ne guda, tsaye ƙyam a tsakiyar daji, tsayinsa ya kusa mita 200. Sarki Kashyapa, wanda ya yi mulki daga 477 zuwa 495, ya kashe mahaifinsa ya ƙwace gadon da ya kamata ɗan'uwansa Moggallana ya hau, sannan ya bar tsohon birni ya gina fadarsa a ƙolin wannan dutse. Hakan bai cece shi ba, don ɗan'uwan ya dawo daga Indiya da runduna. Matakalar ta kai wajen 1,200. Ka kasance a bakin ƙofa da zarar an buɗe, domin daga hantsi zafi da cunkoso suke haɗuwa a kan tsanin ƙarfe mai ɗaukar mutum ɗaya. Kada ka yi saurin wuce lambunan ruwa da ke ƙasa, maɓuɓɓugansu har yau suna fesawa in an yi ruwa mai yawa. A tsakiyar hanya akwai zanen mata a jikin dutsen, an hana ɗaukar hotonsa, kuma da gaske suke. Kusa da shi akwai bangon da maziyarta suka riƙa karce waƙoƙi a jikinsa fiye da shekara dubu da suka wuce. Sai dandalin da ke da ƙafafun zaki biyu na tubali da farce zaƙo-zaƙo, sauran zakin ya rushe. A nan za ka ga allunan da ke cewa a yi shiru. Saboda rina ne, gidajensu suna rataye a jikin dutsen, hayaniya kuma tana tayar da su.

Tikitin Sigiriya na baƙi bai gaza dala 30 ba. Wanda ya ga ya yi masa tsada, ko yake son ganin dutsen kansa daga nesa, ya hau Pidurangala da ke fuskantarsa. Ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ƙarshen hawan sai an dafa da hannu.

Rana ta biyu sai ka zaɓa tsakanin tsoffin manyan birane biyu, don taura biyu ba ta taunuwa. Anuradhapura ta fi tsufa da girma, ta yi fiye da shekara dubu tana babban birni, kuma har yau wurin ibada ce mai rai. A can ne itaciyar Sri Maha Bodhi take, dangin ɓaure, wadda aka dasa tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Polonnaruwa ta fi tattaruwa wuri ɗaya, ana zaga ta a kan keken haya cikin rabin yini. Ga mai zuwan farko ita nake zaɓa. Ka ƙare a Gal Vihara, inda aka sassaƙa siffofin Buda huɗu a jikin falalen dutse guda, na kwancen ya kai wajen mita 14.

Abin da ya kamata ka lura da shi a wannan yanki shi ne ruwa. Ƙasa ce mai dogon rani, sarakunanta kuma da tafkuna suka yi suna. Parakramabahu na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1153 zuwa 1186, ya haɗa wanda ke gefen Polonnaruwa, mai girman da ya sa ake kiransa teku. Tafkin Minneriya kuwa Sarki Mahasena ne ya gina shi tun ƙarni na 3. In rani ya yi nisa, wajen Agusta da Satumba, ruwansa yana ja baya, ɗanyar ciyawa ta tsiro a inda ya bari, sai giwaye ɗaruruwa su fito daga dazuzzukan kewaye su taru a kanta. Aikin sarkin da ya mutu shekara 1,700 da suka wuce shi ke ciyar da su. In ba lokacin ba ne, tambayi masu jif ko garken ya koma Kaudulla, don giwayen suna yawo tsakanin gandayen.

A hanyarka ta zuwa Kandy ka tsaya a Dambulla, kogo biyar a ƙarƙashin dutse ɗaya, da siffofin Buda sama da 150, rufin kuma zane ne tun daga wannan bango zuwa wancan.

Ladabin wuraren ibada

Kusan kashi 70 cikin ɗari na mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne, kuma ba sa wasa da wannan. Ana cire takalmi da hula, ana rufe kafaɗa da gwiwa. Ka sa safa a jaka, don dutsen Dambulla ko Anuradhapura da azahar yana iya sale tafin ƙafa. Ba a juya wa siffar Buda baya don a ɗauki hoto. An taɓa korar baƙi daga ƙasar saboda zanen Buda a jikinsu. A wasu wuraren dokar cire hula tana shafar har da lulluɓin kai, don haka mace ta tambaya a bakin ƙofa kafin ta sayi tikiti, ta yanke wa kanta abin da za ta yi. Gaisuwar Sinhala ita ce "ayubowan", ta Tamil "vanakkam", ko ɗaya ka furta za ka ga fuska ta saki.

Kwana 5 da 6: Kandy

Ita ce masarautar ƙarshe da ta tsaya da ƙafarta, sai a 1815 ta faɗa hannun Ingila. Haikalin da ake ajiye haƙorin Buda yana bakin tafkin gari. Ka je lokacin hidimar asuba, ko ta hantsi, ko ta magariba, sa'ad da ake kaɗa ganguna. Haƙorin kansa ba za ka gan shi ba, akwatin zinariya kawai za ka hango ta ƙofa, layi na tura ka gaba. Sauran lokacin ka ba lambun itatuwa na Peradeniya. In ka zo a Yuli ko Agusta, lokacin bikin Esala Perahera, dare goma na jerin gwano da giwaye da masu rawa, to sai ka kama ɗaki tun watanni kafin nan.

Kwana 7 zuwa 9: jirgin ƙasa da ganyen shayi

Daga Kandy zuwa Ella awa shida zuwa bakwai ne in jirgi bai yi latti ba, kuma yakan yi. Kujerun da ake kamawa tun da wuri suna fitowa kwana 30 kafin tafiya, su ƙare da sauri. Kada ka ruɗu da ajin farko mai na'urar sanyi, tagoginsa a rufe suke. Aji na biyu mai lambar kujera shi ne daidai. Ka zauna a dama har Nanu Oya, daga nan ka koma hagu. Ruwa mai yawa yakan zaftare ƙasa ya rufe layin, don haka ka tabbatar yana aiki kafin ka gina shirinka a kansa. Masu lilo a bakin ƙofa don hoto kuwa, layin cike yake da ramukan da aka huda cikin dutse, kuma an yi asarar rayuka a haka.

Waɗannan tsaunuka da gahawa aka fara noma su. Wani ɗan Sikotlan mai suna James Taylor ya dasa shayi a gonar Loolecondera a 1867, bayan shekara biyu cuta ta faɗa wa gahawar, sannu a hankali shayi ya gaje wurin. Matan da za ka gani da buhu a baya suna tsinkar ganye jikokin Tamilawan da Turawa suka kwaso daga kudancin Indiya ne, aikinsu mai wuya, ladansu kaɗan. Ka nemi izini kafin ka ɗauke su hoto.

A nan ma zaɓi ne. Mai son tafiyar ƙafa ya sauka a Nanu Oya ya kwana a Nuwara Eliya, mita 1,868 sama da teku, inda dare yake da sanyin da sai da rigar sanyi. Da asuba ya nufi gandun dajin Horton Plains, zagayen kilomita 9 da ya ratsa ta bakin wani gangare mai zurfin sama da mita 800. In ƙarfe tara ta wuce, hazo ya rufe komai, ka sha wahalar banza. Mai son hutawa ya zarce Ella ya je ya jira jirgi a sananniyar gadar jirgin garin mai baka tara.

Akwai na uku, wanda ni ya fi jan hankalina. Larabawan da suka yi fatauci a nan suna kiran tsibirin Sarandib, kuma a tsakiyarsa akwai tsaunin Sri Pada, wanda ake kira Adam's Peak, mai tsayin mita 2,243 da alama kamar ta sawun ƙafa a ƙolinsa. Mabiya Buda suna cewa sawun Buda ne, 'yan Hindu suna cewa na Shiva ne, Musulmi da wasu Kiristoci kuma sun daɗe suna danganta shi da Annabi Adamu. Ibn Battuta ya hau shi a 1344. Ana sauka a tashar Hatton, a kwana a Nallathanniya, a fara hawa wajen ƙarfe biyu na dare, matakala fiye da 5,000, don a riski fitowar rana a sama. Lokacinsa daga Disamba zuwa Mayu ne, sa'ad da ake kunna fitilu a hanya, masu shayi kuma suna buɗe. Ka guji ƙarshen mako da ranar Poya, layi yakan tsaya cak na awoyi. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, kwana biyu za ka yi kana jin ta.

Kwana 10: gandun daji ɗaya tak

Gandun dajin Yala ya yi suna da damisa, kuma akwai su da yawa. Matsalarsa jif-jif. Da an ga damisa direbobi suke kiran juna a waya, kowa ya taho a guje, a yi cincirindo a kan dabba ɗaya. In can za ka, ka gaya wa direbanka ba ka son tsere, ka kuma sani akan rufe babban sashensa wajen Satumba a wasu shekarun. Udawalawe ta fi natsuwa, ganin giwa a cikinta kuma kusan tabbas ne, ga ɓauna, kada, ɗawisu da gaggafa. A gefenta akwai gidan renon marayun giwaye da aka kafa a 1995, inda ake shayar da su madara ana kallo daga nesa, in sun girma a mayar da su daji. Za ka lura yawancin torayen ba su da haure, haka jinsin na nan yake.

Kada ka miƙa wa giwar bakin hanya ayaba. Wadda ta saba da roƙo ita ce gobe take tare mota ko ta faɗa gona, kuma rikicin manoma da giwaye yana cin ran ɗaruruwan giwaye da mutane sama da ɗari a shekara. A hanya wajen Tissamaharama ka tsaya ka sayi kindirmon ɓauna a kaskon ƙasa, a zuba masa zumar kithul, wadda ake tatsa daga wata itaciya dangin kwakwa.

Kwana 11 zuwa 13: bakin teku

Ka zauna wuri ɗaya tsakanin Mirissa da Galle. Daga Nuwamba zuwa Afrilu jiragen ruwa suna fita daga Mirissa da sassafe neman shuɗin kifin wel, dabbar da babu mai girmanta a duniya. Ka sha maganin jiri kafin ka hau, ka kuma sani ba kullum ake dacewa ba. Inda ka ga jar tuta a bakin ruwa kada ka shiga, ko da ka iya iyo. Masuntan da ke zaune a kan sanda cikin ruwa kusa da Koggala, yawancinsu yanzu hoto suke jira, a yi ciniki kafin a ɗauka.

Ganuwar Galle 'yan Fotugal ne suka fara ta a 1588, 'yan Holan suka ƙwace a 1640 suka gina ta yadda take yau. Ita ta tare ambaliyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 daga tsohon garin, alhali a faɗin ƙasar mutum sama da 30,000 suka rasu. Ka zaga bisa katangar da la'asar sakaliya. Kusa da hasumiyar fitila akwai farin gini da za ka rantse coci ne. Masallacin Meeran ne, tsohon garin kuma yana da Musulmi da yawa.

Abincin halal ba ya wuyar samu. In ka ga ƙaramin shago an rubuta "hotel", galibi gidan abinci ne, ba masauki ba. Da rana shinkafa da miya kala-kala, da dare kottu, gurasar da ake daddatsawa da kayan lambu da nama, wanda tun daga nesa za ka ji ƙarar ƙarafan da ake daddatsa shi a kan tanda. Yajinsu ba na wasa ba ne, musamman pol sambol na kwakwa da barkono. Ruwan kwakwar nan mai launin lemo, thambili, shi ke kashe wutar.

Kwana 14: Kolombo

Babbar hanyar kudu za ta kai ka cikin kimanin awa biyu. Ka shiga kasuwar Pettah ka ga Jami Ul-Alfar, masallacin nan mai ratsin ja da fari da aka kammala a 1909. Shayi da kirfa ka saye su a babban kanti, inda farashi yake a rubuce. Mai son shuɗin yaƙutu ya kai dutsen hukumar duwatsu masu daraja ta ƙasar a gwada masa kafin ya saki kuɗi. Da yamma ka sha iska a Galle Face Green, sannan ka bar wa kanka awa ɗaya da rabi zuwa filin jirgi saboda cunkoson fita gari. Rupin da ya rage maka ka canja shi a can da rasit ɗin ranar farko, don da wuya ka sami mai karɓarsa a wata ƙasa.